Gashin Idon Kanti a Gidan Biki

Duk wadda ta tsara dokokin gashin ido na kanti, na tabbata ba ta taɓa zama yayar amarya a Kano ba.

Ana gobe kamu na je shagon wata mai kwalliya. Ta kwantar da ni kusan awa biyu ido a rufe, tana ɗaukar gashi ɗai-ɗai da ɗan hantsaki, tana manna kowanne a jikin nawa na asali, ba a fatar ido ba. Gam ɗin ɗan gidan su Super Glue ne, sai dai an yi shi don wannan aiki, kuma warinsa kaɗai ya isa ya sa ido ya kaɗa. Da na tashi na ga madubi, wallahi sai da na gaishe da kaina.

Sai ta fara karanto sharuɗɗa. "Hajiya, awa 24 zuwa 48 kada ruwa ya taɓa shi. Ban da tururi, ban da mai kowane iri, ban da murza ido, ban da kwanciya rub da ciki. Kullum ki taje shi da ɗan burushin nan. Bayan sati biyu ko uku ki dawo a cike gurbi, don naki na asali yana zuba da kansa, in ya tashi tafiya kuma da na kantin yake tafiya."

Na ce, "Alwala fa?" Ta ce masu dabara suna zuwa ne a kwanakin da suke hutun salla. Wato da sai iyayen ango sun tuntuɓe ni kafin a sa rana.

Ina yin sallama a gida Gwaggo ta hango ni. "Ke, kin zo a kan gaɓa, zo ki duba mana madambacin nan." Dambun shinkafa ne na mutum wajen ɗari. Na ɗaga murfi ina kau da kai, tururi ya bi ni har inda na kai fuskar. Daga nan aka miƙo mini kwandon albasa. Ina yanka ina kallon sama, hawaye na gangarawa cikin kunnena, yara suka taru suna leƙa abin da nake kallo.

A haka Hajiya Kaka ta gan ni, ido jawur. "Innalillahi! Jikata, Afolo ce ta kama ki ana tsaka da biki? Dubi har gashin ya kumbura." Kafin in buɗe baki ta kwance bakin zanenta, ta fito da tandun kwalli, ta lakato man kaɗanya, ta kama haɓata. Wa ya isa ya ƙwace fuskarsa daga hannun Kaka a gaban mutane? Ta shafa ta murza, ta yi tofi, ta sake murzawa. Mai kuwa shi ne babban maƙiyin wannan gam, sassauta shi yake yi.

Maganar kwanciya rigingine ba ta ma taso ba. Ɗakin cike yake da baƙi daga Zariya da Katsina, inda ka samu nan za ka lanƙwashe. Na farka da ƙafar wata jaririya a goshina. Idon dama yana nan da kwarjininsa, na hagu kuwa kamar tsintsiyar da ta share Kasuwar Kurmi.

Da rana Kawu yana cin dambu a zaure, sai muka ji ya ƙwala kira. Ya ɗaga wani abu baƙi tsakanin yatsunsa. "Wannan wane irin ƙwaro ne mai ƙafa haka?" Gwaggo ta hau yara da faɗa wai ba su rufe kwano ba. Ni dai na taya ta faɗan daga nesa, cikin baƙin tabarau, kuma da shi na yi kamu, da shi na raka amarya cikin dare. Dangin ango har yau suna tambayar jikin idona.

Sauran da suka rage ban tsige su ba, don in ka ja na kanti da na Allah yake fitowa. Na koma shagon ta sa maganinta ta cire, ta kuma karɓi kuɗin cirewa ba ko ragi.

'Yar'uwa, in bikin gidanku ne, ki je a sa miki tun saura kwana uku, madambaci ki bar wa ƙannenki, Kaka kuma ki gaishe ta daga bakin ƙofa.