Bakano da Kirifto: Kuɗin Dako Ya Cinye Kaya

Zuwa ga bawana Bakano, sabon attajirin kirifto. Gaisuwa daga ubangidanka na birnin Zazzau, tare da jaje. Labari ya iso mana cewa kwana biyu ko gurasa ba ta yi maka daɗi, kana zaune a bakin shago ka ƙura wa waya ido kana ta tsaki. Wai ka tura kuɗi tun hantsi, har la'asar sakaliya ba su isa ba, kuma abin da aka yanka maka na kuɗin gas, wato kuɗin turawa, ya kusa kamo abin da ka tura. Allah ya kyauta. Sai dai ka yi haƙuri, jajen nawa da dariya a ciki, domin wannan abu ko ya sami kowa, bai kamata ya sami Bakano ba.

Kai ne fa za ka tsaya a Kantin Kwari ka taya atamfa, a ce albarka, ka yi kamar za ka tafi, ka dawo, ka rantse, ka ƙara 'yar naira ashirin, har mai kaya ya gaji ya ce ya sallama. Kai ne idan banki ya cire maka naira 50 ta tura kuɗi sai duk unguwa ta ji, ka ce zalunci ne tsagwaronsa. Da 'yan baiwa suka zo maka da labarin kuɗin da babu banki, babu dillali, babu mai iko da shi, sai ka ce ka samo mafita. Ko a watan Fabrairun 2021 da Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna taɓa harkar, ba ka ja da baya ba, ka koma cinikin hannu da hannu ta waya har aka ɗage haramcin a Disambar 2023. Ka tambayi farashi, ka tambayi riba, ka tambayi ranar da za ta fashe. Abu ɗaya ka manta ka tambaya, kuma shi ne abin da yaron shago ke fara koya: nawa ne kuɗin dako?

Zauna in karanta maka, tun da Allah ya ajiye ilimi a Zariya, ya ajiye muku sikeli.

Ka ɗauka a Dawanau mota ɗaya ce tak take lodi, tana tashi duk bayan kamar minti 10, kuma girmanta ba ya ƙaruwa. Ranar da kasuwa ba ta ci, kowa zai sa buhunsa da ɗan abin da ya sawwaƙa. Ranar da ta cika ta batse, direba ba ya bin layi, ba ya sanin wanda ya riga zuwa. Wanda ya fi biya shi ake ɗora wa kaya, sauran su zauna a ƙasa su jira ta gaba, ko ta gaban ta gaba. Haka Bitcoin yake. Motar ita ce bulok, shafin da ake rubuta cinikayya a ciki. Wanda ya ƙirƙiro shi, mai ɓoyayyen sunan nan Satoshi Nakamoto, ya ƙayyade girman bulok a megabait 1 tun 2010. An ɗan faɗaɗa shi a 2017 da gyaran da ake kira SegWit, amma har yau abin da tsarin ke iya ɗauka bai wuce kamar ciniki 7 a daƙiƙa ba, ga duniya baki ɗaya. Wurin da kuɗinka suka yini suna jira shi 'yan harkar ke kira mempul, direbobin kuwa su ne 'yan mainin na gaskiya, masu rumbunan injuna da ke shan wuta dare da rana. Ban da irin mainin ɗinka na dangwalar waya da ɗan yatsa.

Ga inda abin zai fi yi maka ciwo. Ba a duba yawan kuɗin da ka tura, ana duba wurin da rubutun cinikinka zai ci a cikin bulok. Mai tura dala 10 da mai tura dala miliyan 10 suna iya biyan kuɗin dako iri ɗaya. Shi babban Alhaji bai ma san an cire ba, kai kuwa rabin jarin ya tafi. Kuma gwanjo ne wanda ba ka ganin abokan tayi. Babu wanda za ka ce wa albarka, babu wanda za ka yi wa rantsuwa, babu wanda za ka ce wa ai gidanmu ɗaya a Fagge. Duk makaman Bakano an karɓe su a bakin ƙofa.

Kada ka ce sabon abu ne ya faɗo maka daga sama. A Disambar 2017, lokacin da farashin Bitcoin ya doshi dala 20,000, matsakaicin kuɗin turawa ya haura dala 50. A watan ne kamfanin wasannin kwamfuta mai Steam ya daina karɓar Bitcoin, yana kuka da tsadar turawa da hawa da saukar farashi. Kafin nan ma, a watan Agustan shekarar, rigima kan girman bulok ta raba gida biyu, waɗanda suka ce a faɗaɗa suka ɓalle suka kafa Bitcoin Cash mai megabait 8. A lokacin kai kana can kana lissafin ribar shinkafa.

To su wa suke ture ka daga layi? Nan ne dariyar take. A farkon 2023 wani masanin kwamfuta, Casey Rodarmor, ya fito da Ordinals, dabarar cusa hotuna da rubuce-rubuce a cikin bulok na Bitcoin. A watan Mayu cinikin da ke jira ya haura 400,000, har kasuwar Binance ta dakatar da cire Bitcoin sau biyu a cikin yini guda. A Afrilun 2024, ranar da aka raba ladan 'yan mainin biyu daga Bitcoin 6.25 zuwa 3.125, mutumin nan ya sake sakin wani abu mai suna Runes. Mutane suka yi ta rububin shiga bulok na 840,000, kuɗin dakon da aka biya a wannan bulok kaɗai ya haura Bitcoin 37, matsakaicin kuɗin turawa a ranar kuma ya wuce dala 120. Ka canza wannan zuwa naira da kanka, ni ba na son in jawo maka hawan jini.

Na san me za ka ce: ai kai ɗan Ethereum ne. To can ma ba a bar ka a baya ba. A can kowane aiki da awonsa, tura kuɗi zalla yana cin gas 21,000, canjin wani sulalla da wani yana cin ninkin haka sau da yawa, farashin kowane awo kuma cunkoso ke yanka shi. A Disambar 2017 wasan kiwon kyanwoyin zane, CryptoKitties, ya toshe hanyar. Kyanwoyi fa, Bakano, waɗanda ba sa kama ɓera. A 2021, zamanin haukan hotunan NFT, akwai ranakun da matsakaicin kuɗin gas ya haura dala 50. A ƙarshen Afrilun 2022 kamfanin Yuga Labs, masu hotunan birai, suka yanka fulotai a wata duniyar kwamfuta mai suna Otherside. Cikin 'yan sa'o'i masu rububi suka ƙona sama da dala miliyan 150 a kuɗin gas kawai, ban da kuɗin filin. Na yi mamaki da ban ji sunanka a ciki ba, ku da ba ku taɓa ganin fili kun ɗauke kai ba. Wasu a ranar sun biya gas ɗin, cinikin ya faɗi, ba fuloti, domin a Ethereum ko aikinka bai yiwu ba, an ci gas ɗin da aka ƙona. Ka taɓa jin inda aka biya dako, kaya ba su tashi ba, kuma ba wanda za a kai ƙara wurin sarkin kasuwa?

Ko dangwalen naku bai tsira ba. Ka tuna watan Agustan 2024, da aka raba sulallan DOGS ga masu Telegram? Turmutsitsin masu cirewa ya sa tsarin TON ya tsaya cik na sa'o'i, ba bulok ko ɗaya. Wata guda bayan haka Hamster Kombat ta fashe, ka shafe watanni kana dangwale har yatsa ya yi kanta, abin da ya faɗo walet ɗinka kuwa kunya ta hana ka faɗa wa uwargida. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

Yanzu za ka tambaye ni, cikin wayonku na Kanawa, me ya hana a faɗaɗa bulok ɗin kowa ya huta? An yi wannan gardamar shekaru. Idan bulok ya yi girma ƙwarai, ajiye kundin cinikin da tantance shi zai fi ƙarfin kwamfutar talaka, sai manyan kamfanoni kaɗai. Daga nan an koma gidan jiya: 'yan tsiraru ne ke riƙe da littafin, wato bankin da ka gudu ya dawo da sabon suna. Sannan kuɗin dakon ne ke hana wani ɗan iska cika hanya da shara kyauta. Kuma Bitcoin miliyan 21 ne kacal za a taɓa samarwa, ladan 'yan mainin yana raguwa da rabi duk bayan kamar shekara 4, don haka a ƙarshe da kuɗin nan da kake tsaki a kai za su dogara. Ashe ba ɓaraka ce aka samu ba, haka aka gina abin tun tushe. Tsadar tana sauka idan hanya ta yi sakayau, har ta koma ƙasa da dala 1, sannan ta yi tsalle daidai lokacin da kasuwa ta rikice kowa ke son shiga ko fita. Wato ranar da ka fi buƙatar hanya, ranar ta fi tsada.

Da yake haƙƙin bawa yana kan ubangidansa, ga abin da zan taimaka maka da shi, kyauta, ba irin shawararku mai la'ada ba. Kafin ka danna tura, duba abin da za a yanka, walet yana nunawa, idon ne ba ka kaiwa wurin saboda zumuɗi. Idan ba gaggawa, jira ƙarshen mako ko lokacin da Amurkawa ke barci, cunkoso yakan ragu. Kada ka riƙa tura tsit-tsit sau goma abin da za ka iya turawa sau ɗaya. Ga Bitcoin akwai Lightning, wadda aka yi don ƙananan biya. Ga Ethereum akwai hanyoyin da aka ɗora a kansa, irin su Arbitrum da Optimism da Base, waɗanda kuɗinsu ya faɗi warwas bayan gyaran Dencun na Maris 2024. Babban sauyin Satumbar 2022, wanda ya kori 'yan mainin daga Ethereum, wutar lantarki ya rage, bai rage gas ba, ko da yake na ji ka yi ta yi wa mutane alkawarin haka a majalisa. 'Yan'uwanka masu USDT da yawa sun koma Tron saboda sauƙi, amma can ma sai kana da TRX na biyan hanya, kamar yadda a Ethereum sai kana da ETH, in ba haka ba kana kallon kuɗinka ba za su motsa ba. Abin da ya fi komai: tabbatar hanyar da ka zaɓa ita ce wadda mai karɓa ya ba ka. Idan ka tura ta wata daban, kuɗin suna iya tafiya ba dawowa, kuma babu manajan da za ka je ka yi wa hayaniya.

Gaskiya ɗaya zan ba ka, don kada ka ce Bazazzagi hassada yake yi. Ga mai tura manyan kuɗi zuwa Chana ko Dubai, wannan dako ko ya yi tsada araha ne, kuma yakan isa cikin mintuna. Ga mai jarin dala 20, babbar hanyar Bitcoin da Ethereum a ranar cunkoso ba tasa ba ce. Kai dai ka auna kanka da sikelin da kake auna mutane, ka ga a wane layi kake. Kun ce Kano ko da me ka zo an fi ka. To ga kasuwar da ko da nawa ka taya, wani a Amurka ko Koriya ya fi ka, kuma a kan hoton biri.

Saura magana ɗaya. Watan cika-ciki na tafe, kuma ka san kuɗin sharata suna wuyanka. Kada ka kuskura ka ce in turo adireshin walet, kada ka ce suna mempul, kada ka ce gas ya cinye. Ka shiga mota a Unguwa Uku, ka sauka a Zariya, ka iso Ƙofar Doka ka durƙusa ka miƙo su a hannu, sababbi ƙar. Za a ba ka fate ka sha ka ƙoshi, kuɗin motar kuma daga aljihunka.