Yadda Za Ki Riga Akuya Cin Alayyahunki

Damina ta sauka, uwargida, kuma ruwan da kike saye jarka-jarka a hannun ɗan garuwa yau ga shi yana kwarara ta indararo kyauta. Idan har kika bari Yuni da Yuli suka wuce kina aiken yara kasuwa sayen ganyen miya, alhali kina da taku uku na ƙasa a bayan ɗaki, to tafasa ma ta fi ki himma, domin ita ba wanda ya shuka ta amma ta fito.

Kafin ki nemi iri, kafin ki ari fartanya, ki fara da akuya. Ko ba ki kiwo, maƙwabta suna yi, kuma akuyar maƙwabta ta san ranar da alayyahu ya isa yanka fiye da mai shi. Za ta wuce ciyawa kore shar a bakin hanya ba ta ko kalle ta ba, ta zo ta tsaya a ƙofar gidanki tana jiran yaro ya bar ƙyaure a buɗe. Saboda haka danga ce farkon shuka. Ki kafa kara ko itace, ki ɗaure tamau, ki sa ƙaya ta waje. Ƙasan dangar kuma ki zagaye shi da tsohon gidan sauro saboda kaji. Ita kaza ba mugunta gare ta ba, tono ne sana'arta, amma cikin ƙanƙanin lokaci za ta hako irin da kika wuni kina binnewa.

Sai wuri. Ki zaɓi inda rana ke samu aƙalla rabin wuni, ki kuma ja da baya daga jikin katangar ƙasa, kada neman miya ya jawo miki neman magini. Idan tsakar gidan duk siminti ne, ba ki da uzuri: tsohon buhun shinkafa ko fasasshen bokiti sun isa. Ki huda ƙasansu da kyau domin ruwa ya riƙa tsiyayewa. Ruwan da ya kwanta yana ruɓar da saiwa, kuma a cikinsa sauro ke ƙyanƙyasa, ga watan Agusta da zazzaɓinsa. Ki cika buhun da kashi biyu na ƙasa, kashi ɗaya na takin gida da ya ruɓe. A nan ne akuya za ta biya diyya, domin kashinta taki ne mai kyau. Na kaji ya fi ƙarfi, amma ɗanyensa ƙona shuka yake, sai ya daɗe ya ruɓe ya huce.

Ki fara da alayyahu, shi ne mai saurin faranta rai. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, don haka ki cuɗa shi da yashi kafin ki yafa, in ba haka ba zai fito cunkus wuri guda kamar 'yan kallon dambe. Cikin mako uku zuwa huɗu kin fara miya. Ki riƙa yankan kai kina barin gindi, zai sake tohowa. Kuɓewa kuwa ki jiƙa irinta ta kwana a ruwa, ki sa biyu ko uku a rami, ki bar tazarar kamu biyu tsakani. Wajen wata biyu za ta fara 'ya'ya, kuma daga nan ba ta da haƙuri: duk bayan kwana biyu ko uku sai kin tsinka. Kika tafi biki na mako guda, za ki dawo ki tarar ta ƙosa, wuƙa ma tana jin nauyinta. Wadda ta ƙosa ki bar ta ta bushe a jiki, irin baɗi ya samu. Yakuwa da rama ba su da fitina, ki ba su gefe. Yakuwar ma riba biyu ce, ganye yanzu, zoɓo da kaka.

Kabewa tana buƙatar shawara da maƙwabta tun kafin a shuka ta. Ba ta san iyaka ba. Za ta hau danga, ta haye katanga, ta je ta haifi mafi girman ɗanta a kan rufin bandakin gidan Hajiya maƙwabciyarki. Idan haka ta faru kada ki kai ƙara wurin mai unguwa. A raba biyu, zumunci ya ƙaru.

Tumatir fa? Na san shi ne a ranki, tunda da damina yake tsada. To tsadar tana da dalili: yawan ruwa da laima suna jawo masa cutar ganye da ruɓewa, shi ya sa manoman Kadawa suka fi noma shi da rani. In kin nace, ki sa gindi biyu ko uku a buhu ƙarƙashin rumfar da haske ke shiga, ki kafa musu sanda. Attarugu ya fi shi juriya.

Kada kuma ki ce fure aikin masu kuɗi ne. Kuɓewa kanta tana da fure rawaya mai jan ciki wanda ya isa a tsaya kallo da safe. Ki dasa lalle a jikin danga, furensa da ƙamshi, ganyensa kuma kin san aikinsa. Ɗoɗɗoya da na'a-na'a a bakin ƙofa suna gyara iskar tsakar gida. Ki dai gargaɗi yara su daina tsinke furen kabewa suna wasan amarya da shi, domin babu fure, babu kabewa. Ƙudan zuman da ke zagaya shi ma aiki suke yi miki, a ƙyale su.

Ƙwari za su zo, ba makawa. Ki barbaɗa tokar murhu a ganye da sassafe lokacin da raɓa ke jiki, ko ki daka ganyen darbejiya ki jiƙa ya kwana, ki tace ki yayyafa da yamma. Tsutsa kuwa hannu ne maganinta, ki tsince ki miƙa wa kajin nan, su ma su ci albarkacin lambun. Maganin feshi na gona ki nisanta shi da ganyen da za ki yanka gobe ki ba yaranki.

Saura maigida. Ranar kafa danga yana da taro, ranar cire ciyawa bayansa na ciwo, amma ranar da baƙi suka yaba miya za ki ji yana cewa "ai daga lambunmu ne". Ki bar masa, sai dai ki miƙa masa fartanya washegari tunda ya amsa lambun nasa ne. Maƙwabciya ma za ta turo yarinya: "Wai in ji Mama a san mata ɗan ganye." Ki ba ta da hannu biyu, ki haɗa mata da ɗan ƙullin iri. Tun farko ki ƙara layi guda domin irin wannan aike.

Ruwan nan zuwa ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba zai ɗauke. Ki tashi yau ki nemo buhu da iri, ki kuma ce wa yara su rufe ƙofa.