Sarkin Ruwan Barade Zai Rage Allo

Tulu ɗan Goggo, gaisuwa irin ta ubangida da baransa. Ka san wane ne wane, ba sai mun tada tsohon zance ba.

Saƙon muryarka ya same ni a ƙofar gida nan Barade, ina tsakiyar shan shayi. Sau uku na saurara, a na ukun shayin ya sarƙe ni. Wai allon da kake hawan raƙuman ruwa da shi a teku ya yi maka tsawo, ka wuce ajinsa, gajere za ka saya irin na gwanaye. Allo dai? Kai da sai an yi maka ɗaukar amarya ake kai ka makarantar allo, kai da ka taɓa cusa naka a ƙarƙashin rumbu ka ce gara ta cinye, yau kai ne mai saɓa allo mai tsawon ƙafa 8 a ka kana ratsa mutane a Ikko. Allah mai iko.

Ban manta ranar da muka je Mayo Gwoi da rani ba. Ruwa iya idon sawu ya tafi da silifas ɗinka, ka tsaya a kan yashi kana ihu a kawo ɗauki. Mutumin da ko gadar Nukkai za a haye da damina sai ya rufe ido, shi ne yanzu duk Asabar yake biyan kuɗin jirgi daga Marina zuwa Tarkwa Bay. To, a nan kam na sara maka. Na ga bidiyon da ka turo, ka miƙe tsaye a kan kumfa har na ƙirga bakwai, hannuwa a buɗe kamar mai korar kaji. Goggo ta kalla ta ce a tambaye ka ko bashi ake bin ka a cikin ruwan.

Amma zo mu yi lissafi, tunda ka ce shawara kake nema, ko da yake na san yabo kake nema.

Su masu wannan harka ba tsawo kaɗai suke dubawa ba, cikin allo suke aunawa da lita, don shi ne ke nuna nauyin da zai iya tallafewa a kan ruwa. Irin naka na soso, na 'yan koyo, yakan kai lita 80 ko fiye. Wanda ka ƙwallafa wa rai, mai ƙafa 6 da tsinin baki, bai cika wuce lita 30 ba. Jarkar manja ɗaya ke nan da 'yan kai. Kai kuwa rabon da in gan ka a kan sikeli tun kana kilo 90, kuma tun daga lokacin ba a ji labarin ka yi faɗa da amala ba. Ɗauki buhun masara ka ɗora a kan jarka ɗaya ka tura kogin Binuwai a Lau, ka dawo ka ba ni labari.

Dogon allo jirgin fito ne. Kana kwanciya a kai ya ɗaga ka sama, ka yi tuƙi da hannu sau uku huɗu ya zarce, raƙumin ruwa tun yana ɗan tudu ya kwashe ka, ka samu sararin dafawa, ka ja gwiwa, ka miƙe a tsanake kamar mai tashi daga kan tabarma. Gajere ba ya wannan mutuncin. Rabinsa a nutse yake tun kafin a fara, tuƙinsa sai ka ji kafaɗa kamar za ta cire, kuma ba ya kama ruwa sai a daidai inda ya miƙe zai karye. A nan ɗin ko ka miƙe cikin ƙiftawar ido, ko ka sha gishiri. Ga Tarkwa kuma da nata halin: ruwan yakan bugi katangar duwatsun nan da aka jera tun zamanin Turawa don kare mashigin tashar jiragen ruwa, ya dawo ya haɗu da na bayansa ya yi tsiri. Yaran unguwar da kake gani suna juyi a kai kamar tarwaɗa a cikinsa suka buɗe ido, kuma ukunsu a haɗe ba su kai ka nauyi ba.

Na san abin da ke cin ka. Kunya ce. Kana sauka daga jirgi da wannan ƙyauren shago a ka, yara na wuce ka da nasu a hammata. Kuma ka ga suna danna bakin allo su nutse ta ƙarƙashin ruwa idan ya taso, kai kuwa sai dai ka rungume naka ka kife kamar kunkuru. Wannan kam gaskiyarka, da gajere ake yin sa. Amma don juyi aka ƙirƙiro gajeren: a wajajen 1967 ne irin su Bob McTavish a Ostareliya suka fara datse allunan da suka haura ƙafa 9, don su samu juyawa yadda suke so. Sai dai fa mutanen da suka riga suka gagara ne suka ga allo ya yi musu kaɗan. Kai wane juyi ka taɓa yi? Kullum miƙe kake zuwa gaɓa ɗoɗar, kamar tirelar da birki ya tsinke mata a gangaren Mambila.

Ka ji labarin Italo Ferreira na Brazil? Shi ya ci zinare a karon farko da aka saka wannan wasa a gasar Olamfik, a Japan cikin 2021. A kan murfin kular da mahaifinsa ke zuba kifin sayarwa ya koyi tsayuwa. A wasan ƙarshe ma allonsa karyewa ya yi tun hawan farko, ya karɓi wani ya ci gaba. Kar ka ce na ce ka je ka ɓalle murfin kular matarka, na san ka.

In dai sai ka rage, rage kamar yadda tela ke rage riga, kaɗan-kaɗan ana gwadawa. Nemi mai ƙafa 7 da rabi, ko 7 cif in ka matsa, mai faɗin ƙirji da kauri, wanda cikinsa bai gaza lita 55 ba. Kafin nan ma sai ka ga kana kama ruwa tun bai fashe ba, kana bin gefensa dama da hagu da niyya, ba wai shi ya ga damar kai ka ba. Ka fara aro ko haya na yini guda, ka ƙirga sau nawa ka miƙe cikin awa ɗaya. In a kan tsohon kana yin goma, a sabon ka yi biyu, to ka sayi abin ɗaukar hoto ne kawai. Kuma don Allah ka riƙa ɗaura talalar allon a ƙafa da kyau, ba don kai ba, don kan 'ya'yan mutane.

Tsohon kuma kar ka sayar. Ranar da teku ta kwanta shi za ka nema. In kuwa girman kai ya hana ka, ɗora shi a motar Wukari ka aiko mini, akurkin kajina ba shi da ƙofa tun bara. Ka haɗo da kuɗin sharata na shekara biyu, Goggo ce shaida.