Zauren Malam

An yi wani malami da sunansa ya kai nesa, iyaye suka riƙa kawo masa amanar 'ya'yansu daga gari ya gari. Da ɗakuna suka cika, sai ya ce sauran su kama haya a unguwar da ke bayan katanga. Kuɗin karatu dai ɗaya ne, na ciki da na waje.

Malam mutum ne mai son tsari. Ya gina zaure na gani na faɗa, ana sake masa fenti duk ranar yaye ɗalibai. Yana da magatakarda, yana da ma'aji, yana da mai kula da furanni. Can ƙasan kowa akwai maigadi, tsohon soja. In batirin tocilarsa ya mutu sai ya rubuta wa magatakarda, magatakarda ya tura wa ma'aji, ma'aji ya ce a jira kasafin baɗi. Ganin Malam kuwa sai in motarsa za ta wuce.

Maigadi ba ya rabuwa da rediyo. A watan Maris na 2021 ya ji an kwashe ɗalibai 39 a kwalejin gandun daji ta Afaka. Wata na zagayowa aka shiga jami'ar Greenfield da ke hanyar Kaduna zuwa Abuja, daga baya aka tsinci gawar biyar daga cikin waɗanda aka tafi da su. Ya tare magatakarda ya ce, "Ranka ya daɗe, katangar yamma ta zube, shanu ma ta nan suke bi." Aka ce ya rubuto. Ya rubuto. Da damina ta zo, aka ƙara wa zaure fitilu.

A Satumban 2023 rediyo ta ce an je Sabon Gida, inda ɗaliban jami'ar tarayya ta Gusau ke haya a wajen makaranta, an tafi da 'yan mata. A Oktoba aka ɗauke biyar a Dutsin-Ma, su ma daga gidan haya. Wannan karon sai da ya sha gaban motar Malam.

"Allah gafarta Malam, yaranmu na bayan katanga fa? Ko sunayensu da gidajen da suke kwana ba mu da su."

Malam ya sauke gilashi kaɗan. "Su ai hurumin hukuma ne. Ka taɓa jin an ce mai gida ya yi gadin titi?"

Amma kada a zalunci Malam, maganar ta taɓa shi. Washegari ya kafa kwamitin tsaro: magatakarda shugaba, ma'aji sakatare, mai furanni mamba saboda ya san lungunan gidan. Aka ware kuɗin zama, aka yi odar shinkafa da kaji. Maigadi kuwa aka ce ya tsaya bakin ƙofa, kada wani ya dami masu taro.