Rariyar da Ke Kiɗa

Na san da wuya in kai ƙarshen wannan bayani ba ku taɓe baki ba, to ku taɓe tun yanzu mu huta. Akwai mutanen da ke sayen faifan ƙarfe na kiɗa wanda aka huhhuje shi don kada ya yi ƙara, sannan su manna masa waya su haɗa shi da na'ura, don ta maido musu da ƙarar da suka biya kuɗi aka kashe. Ina cikinsu. Ga Malam can a baya har ya fara tambayar ko dangina sun san halin da nake ciki. Sun sani, Malam, su ma sun yi dariyarsu sun gaji.

Faifan da nake nufi shi ne simbal, wanda kuke gani a jikin gangunan Turawa, a coci-cocin Jos da Kaduna da Sabon Garin Kano, ko a hannun 'yan badujala suna gwara biyu. Masu kyansa da tagulla ake yinsu, kashi 80 jan ƙarfe, kashi 20 kuza. Gidan da ya fi suna a sana'ar shi ne Zildjian, wanda wani ɗan Armeniya mai suna Avedis ya kafa a Santambul a 1623, daga baya zuriyarsa suka koma Amurka da aikin. Shekara ɗari huɗu ke nan suna neman yadda faifai zai yi amo mai tsawo. A 2015 kuma suka fito da wani samfuri, L80, mai ɗauke da ƙananan huji ba iyaka, suka ce ƙararsa ta ragu har da kashi 80 cikin ɗari. Lissafin na mai kaya ne, kuma mai kaya ba ya kushe kayansa, amma kunne ya shaida raguwar ba kaɗan ba ce. Kamfanin Sabian na Kanada, wanda wani ɗan gidan na Zildjian ya kafa a 1981 bayan sun raba gari da ɗan'uwansa, shi ma ya fito da nasa mai suna Quiet Tone. Ko a yin shiru ma 'yan'uwa sai sun yi gasa.

"To huji kuma me ya haɗa shi da ƙara?" Madalla, Hajiya, tambayarki ta fi ta Malam. Ɗauki faifan kaba ki yi fifita, iska za ta zo. Ajiye shi ki ɗauki rariya ki yi fifitar da ita, ki gaya mini ko zufa ta bushe. Sauti ba komai ba ne illa iskar da abu ya tura yana rawar jiki. Faifai marar huji yana tura iska da dukkan faɗinsa, shi kuwa mai huji iskar sai ta sulale ta cikin hujojin ta koma bayansa. Ga shi kuma an rage masa nama, bai da nauyin da zai daɗe yana kaɗawa da ƙarfi. Abin da ya rage sai ɗan tsiririn amo, kamar ana kiɗa a gidan da ke bayan layinku.

Wanda bai taɓa zama kusa da mai dukan gangunan nan ba zai ce wannan duk fi'ili ne. Ƙararsu tana wuce desibel 100 cikin sauƙi, alhali masana lafiyar kunne sun ce daɗewa cikin abin da ya haura 85 yana cin ji a hankali. Ku sa wannan a gidan haya mai ɗaki takwas, bango ɗaya tsakaninka da mai jego, ɗayan kuma tsakaninka da dattijon da ke tashi tun kafin asalatu. Kwana uku na yi da faifan gaske a ɗakina. A na huɗu mai gidan ta yi sallama, ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Ɗan nan, ko maƙera ka buɗe mana ne ba mu sani ba?" Na ce, "A yi haƙuri, Iya." Ta ce haƙurin ai shi suke yi tun shekaranjiya.

Na ji mai cewa ai an daɗe da maganin wannan, ga gangunan lantarki nan masu faifan roba. Gaskiya ne, kuma ba jiya aka fara ba. Kamfanin Simmons na Ingila ya fito da nasa masu kusurwa shida a 1981, Roland na Japan kuma ya kawo V-Drums a 1997 da fatar raga wadda sanda ke dira a kanta kusan ba amo. A ɓangaren ganga ragar ta yi rawar gani. A ɓangaren faifai ne aka bar mu da roba, ita kuwa roba, ko an yi mata kwalliya, roba ce. Ka kai mata sanda ka ji "ɗaf", kamar ka mari tayar babur. Ba ta lilo yadda ƙarfe ke yi, ba ta maido maka da sandar yadda ƙarfe ke yi, wuyan hannunka kuma yana koyon ƙarya. Ka shekara kana atisaye a kanta, ranar da aka zaunar da kai gaban faifan gaske a bainar jama'a sai ka ga hannunka ya zama baƙo. Ku tambayi mai kalangu ko zai yarda ya yi wata shida yana koyo a kan bokitin roba don maƙwabta su yi barci.

Abin da muke nema ke nan, mu da kuke wa kallon taɓaɓɓu. Hannu yana son ƙarfe, maƙwabci yana son shiru, kunne kuma yana son cikakken amo. Da can faifai ɗaya ke ɗauke da duka, dole wani ya yi kuka. Yanzu an raba gadon: hannu ya ɗauki rariya, kunne ya ɗauki abin sauraro, Iya ta ɗauki barcinta.

Abin da ke haɗa rariyar da kunne ɗan mitsitsi ne, ana ce masa fizo. Faifai ne siriri kamar kwabo, da farin abu a tsakiya da wayoyi biyu. In an lanƙwasa shi ko an girgiza shi sai ya fitar da 'yar wutar lantarki, gwargwadon ƙarfin girgizar. Wasu 'yan'uwa biyu a Faransa, Jacques da Pierre Curie, su suka gano wannan hali na wasu duwatsu a 1880. Kada ku zaro ido, kuna da shi a gida: laitar da kuke dannawa ta yi "ƙas" ta ba da tartsatsi ba tare da ƙanƙara ba, wannan dabarar ce a cikinta. Sai a manna fizon a ƙarƙashin faifan da salatif mai manne gaba da baya, a ja waya zuwa akwatin sauti, wanda makaɗa ke kira ƙwaƙwalwa. Ka bugi faifai, fizo ya tsegunta wa ƙwaƙwalwa, ita kuma ta saki sautin faifan gaske da aka naɗa aka ajiye mata. Aikinsa na kunamar bindiga ne, shi ba harsashi ba ne. In kana so ma ka wuce da saƙon zuwa kwamfuta ta hanyar MIDI, yaren da kayan kiɗan lantarki ke magana da shi tun 1983, wanda ke auna ƙarfin bugu daga 1 zuwa 127, sai manhaja irin su Superior Drummer ta ba ka faifan da ko a mafarki ba ka da kuɗinsa.

Yanzu ku gyara zama, ga inda za ku ji daɗi, don nan ne na sha kunya. Ran da na fara haɗawa, wani mai gyaran rediyo ya ɗiga mini dalma a wayoyin, na dawo gida ina taƙama, na sa abin sauraro, na kai wa faifan sanda sau ɗaya tak. Abin da ya shigo kunnena sai ka ce an zubar da kwanukan amarya daga saman bene. Bugu ɗaya na yi, ƙwaƙwalwa ta ƙirga biyar ko shida. Dalili kuwa, robar da nake zagi tana da hali ɗaya mai kyau: ka buge ta, ta yi shiru nan take, fizo ya kai saƙo ɗaya. Ƙarfe kuwa ko an huje shi sai ya ci gaba da kyarma, kowace kyarma fizo ya ɗauka sabon bugu ne ya ruga ya kai rahoto. Wato abin da ya sa nake son ƙarfen, shi ne abin da ke ruɗa na'urar. Eh, Malam, ka ci wannan, rubuta a allonka.

Gyaran yana cikin ƙwaƙwalwar, kuma aikin haƙuri ne. Ka ɗauke ta kamar mai gadin ƙofar fada. Da farko za ka gaya masa ƙaramin motsi ba baƙo ba ne, kada ya shigar da shi. Amma in ka tsananta masa, ɗan lallausan bugun da kake yi da bakin sanda, wanda shi ne gishirin kiɗa, shi ma sai ya kore shi. Sannan ka ce masa in baƙo ya shiga ya toshe kunnensa na ɗan lokaci, don kada ya ɗauki amsa-kuwwar sallama a matsayin wata sallamar. Wannan ɗan lokaci da milisakan ake auna shi, kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, kuma nan ma akwai tarko. A kiɗan da ke tafiya taki 120 a minti, in ka cusa bugu takwas cikin kowane taki, tsakanin bugu da bugu milisakan 62 da rabi ne kacal. Ka sa mai gadi ya toshe kunne fiye da haka, sai ya haɗiye maka rabin kiɗan, kana ta zufa kunnenka na jin gurguwar tafiya. Ga kuma gulma: ka bugi gangar kusa, girgizar ta bi ta jikin ƙarfen da ke riƙe da su, faifai ya amsa kiran da ba nasa ba. Wannan ma da maɓallinsa. Na yi dare huɗu ina murɗa waɗannan lambobi, ƙara biyu rage ɗaya, kamar mai cinikin akuya ranar jajibiri.

Da lambobi suka gaza kai ni gaci, sai na yi abin da kowa ke yi a ƙarshe: na liƙa 'yar roba a ƙarƙashin faifan don ta rage masa kyarma. Na ji ku, na ji ku. Na gudu daga roba na dawo ga roba. Amma ta ƙasa take, sandata ƙarfe take taɓawa, kuma faifan yana lilonsa. In dai ba ka zuba ta da yawa ba ka mayar da shi murfin tukunya.

Ba zan ɓoye muku sauran ba. Faifan gaske murya uku gare shi, ta ƙoƙon tsakiya da ta jiki da ta baki, fizo ɗaya kuwa bai san inda ka buga ba, ya dai san ka buga. In kana son ukun sai ƙarin na'ura. In kana son ka cafke bakin faifai amon ya ɗauke, yadda makaɗa ke yi, sai ka liƙa siririn makunni a gefen. Mafi taurin kai su ne tagwayen nan da ke kife da juna, waɗanda ake buɗewa da rufewa da ƙafa, don su sai an sami abin da zai riƙa gaya wa ƙwaƙwalwa iya buɗewarsu a kowane lokaci. A nan shawarata ga mai farawa ya bar tagwayen kamfani a wurin, ya yi wasansa da sauran. Shi kansa Zildjian, kafin L80, wata hanyar ya bi da samfurinsa Gen16: ya ɗauki ainihin ɗan amon faifan mai huji ya ƙara masa ƙarfi ya gyara shi, maimakon ya sa shi kiran sautin da aka naɗa.

Mai cewa "wannan ai ba kiɗa ba ne, na'ura ce ke yi", zo nan kusa. Waƙoƙin fim ɗin da ka cika wayarka da su, kana tsammanin duk kalangun da ke ciki an kira makaɗi ne ya rataya? Da yawansu daga fiyano da kwamfuta suka fito, da yatsa aka danna, ka kuwa taka rawarsu a bikin ƙanwarka har hularka ta faɗi. Ni aƙalla da sanda nake bugun nawa, da gumina. Mai dariyar rariya kuma ya tuna kuntigin da marigayi Ɗan Maraya Jos ya zaga duniya da shi, irin kayan kiɗan da ake yi da gwangwanin kifi a rufe da fata. Ban ji wanda ya ce a kira danginsa ba.

Akwai kuma ranar da rariya ke rama wa kanta, ranar da aka ɗauke wuta. Mai faifan roba sai ya zauna yana kallon tayoyinsa. Ni kuwa ƙwaƙwalwa ta mutu, abin sauraro ya mutu, amma faifaina yana nan yana 'yar muryarsa ta ƙarfe, ƙasa-ƙasa, ta isa in ci gaba da atisaye a duhu.

Kada dai wani ya je ya ce na yi masa alkawarin shiru irin na maƙabarta. Ɗan "tsin-tsin" ɗin yana nan, yana ratsa ƙofar langa-langa. Kuma bayan duk wannan wahala Iya ta sake yin sallama. Wannan karon ba faifai ba ne, ƙafata ce. Abin takawar babbar ganga yana dukan daɓe, dukan yana bin ƙasa har ƙarƙashin gadonta. Maganin da makaɗan gidajen bene suka gano shi ne a ɗora kayan kan katako biyu da ƙwallayen tanis a tsakani, shi na yi. Da ta zo duba aikin, ta ɗaga faifan ta leƙa ni ta cikin hujojin, ta ce, "Wannan madambacin nawa ka saye shi?" Na faɗa mata. Ta yi salati.

Na ce ta zauna, na sa mata abin sauraro a kan ɗankwali, na miƙa mata sanda. Ta ɗan taɓa faifan kamar mai tsoron kada ya fashe. Na ga ta zabura, ta cire abin ta waiga bayanta, ta dubi ɗakin, ta mayar. Ta sake bugawa, wannan karon da ƙarfi. Sai da ta yi kusan minti goma a wurin, jikarta na tsaye bakin ƙofa tana ce mata tuwo zai kama. Da ta miƙe ta ce, "Ɗan nan, ban ce ka yi hankali ba fa." Ta kai bakin ƙofa ta juyo ta tambaya ko akwatin yana da kalangu a ciki.