Raƙumin Alhaji a Baƙin Allo

Duk wanda ya san Illela, garin nan na bakin iyaka wanda in mutum ya gota shi kaɗan sai ya tsinci kansa a Birnin Ƙonni ta ƙasar Nijar, ya san cewa ranar Lahadi kara ce ke mulki, inda raƙuma da shanu da tumaki ke kwararowa daga arewa, naira da sefa suna sauya hannu, dillalai kuma suna rantse-rantsen da in malamai suka bi diddigi, kaffararsu kaɗai ta isa ta ciyar da miskinan garin. A cikin dillalan nan akwai wani Alhaji, yayan matata, wanda tun da aka sake buɗe iyaka a watan Disamba na 2020 ciniki ya farfaɗo, ya ƙudurta cewa lalle farashin dabbobinsa ya riƙa fitowa daga kwamfuta, da surar raƙumi a gefe, domin abokan hamayya su san ba sa'o'insa ba ne.

To, ni ne mai shagon buga takardu a unguwarmu, kwamfutar da ta rage mini da rai kuwa wata tsohuwa ce da ɗan ƙanwata, mai karatu a jami'a a Sakkwato, ya ɗora mata Linux, ba ta nuna komai sai baƙin allo da ɗigon haske yana ƙyafta ido yana jiran umarni. Da na kai masa kuka ta waya, sai ya ce, "Kawu, ai a nan da haruffa ake zane." Ya bayyana mini cewa akwai wani tsari da ake kira ASCII, wanda aka fitar a Amurka a 1963, mai alamomi 128, waɗanda 95 daga cikinsu ne ake iya bugawa, kuma tun da a baƙin allo kowane harafi faɗinsa ɗaya da na ɗan'uwansa, mai haƙuri yana iya gina sura da su. Na yi bisimilla, na ɗaga tozo da baka biyu, na miƙa wuya da karkatattun layuka, na sa harafin o a matsayin ido, na yi tafin ƙafa da harafin n.

Fitina ta farko daga ƙafafu ta ɓullo. Shi karkataccen layi mai jingina da baya, a shari'ar Bash, wato mai karɓar umarni a baƙin allon nan, ba harafi ba ne kamar sauran, wakili ne mai sauya hukuncin abin da ya biyo shi, idan kuwa n ce ta biyo shi, umarnin printf yakan fassara su da cewa a koma sabon layi. Saboda haka da na ce a nuna mini raƙumi, sai ga gangar jiki tana shawagi a sama, ƙafafu kuwa sun salwanta. Aka ce in keɓe zanen a fayil nasa. Na keɓe. Aka ce in manna jerin farashi a gefensa da umarnin paste, shi kuwa Tab yake sakawa a tsakani, mai tsalle zuwa gurbi na takwas-takwas, ga layukan raƙumi ba tsawonsu ɗaya ba, sai akuya ta tsaya nan, bijimi ya tsere can. Wannan ma na magance shi da cika kowane layi da sarari har gurbi talatin.

Fitina ta biyu ita ce ta hana ni barci, domin duk sunan da ke da ƙugiya, irin su raƙumi da ɗan maraƙi, sai kuɗinsa ya ja da baya daga jeri, na raƙumi da gurbi ɗaya, na ɗan maraƙi da biyu, alhali na ƙirga da yatsa a jikin gilashi har yatsan ya bar shaida. Ashe haruffanmu na ƙ da ɗ da ɓ ba su cikin 128 ɗin nan, sai ta hanyar UTF-8, wadda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, inda kowannensu yake cin bayit biyu, alamar naira kuwa uku, shi kuma printf na Bash bayit yake aunawa, ba abin da ido ke gani ba. A ganina wannan tauye mudu ne, ko da masu shi ba su yi da niyya ba. Abin da ya ɗan sanyaya mini zuciya shi ne da na ƙara sunayen Faransanci saboda baƙinmu na Ƙonni da Tawa, na tarar haruffansu masu hula su ma haka aka yi musu. Daga ƙarshe yaron ya koya mini yadda zan sa na'ura ta ƙirga haruffa da kanta ta cike giɓi, jeri ya miƙe kamar sahun Juma'a bayan liman ya ce a daidaita.

Ranar Asabar da dare Alhaji ya zo, ya daɗe yana duban allo, sa'an nan ya ce, "Malam, wanga jimina ta ko raƙumi?" Na ce raƙumi ne, ranka ya daɗe, rani ne ya taɓa shi. Ya gamsu, amma ya ce shi a takarda yake so, ya zaro ƙaramar na'urar buga rasit irin ta masu POS. Allona gurbi 80 yake ɗauka, gadon katin IBM na 1928; takardar Alhaji mai faɗin milimita 58 kuwa 32 kawai take ɗauka, abin da ya haura sai ta naɗe shi zuwa layin ƙasa. Ya buga tuli cikin duhu, ya zuba a aljihu, ya yi gaba.

Hantsi bai gama ɗagawa ba aka aiko in zo kara maza. Na tarar da taro, ga wani Buzu da rawaninsa riƙe da akalar amalen Alhaji a hannu ɗaya, takarda a ɗaya. Sunaye da kuɗi sun ratsa wuyan raƙumina sun datse shi gunduwa-gunduwa, har wani almajiri yana tunatar da jama'a cewa a Risala raƙumi soke shi ake yi, in an yanka ba a ci. Mafi muni, da yake bisa abajada na jera dabbobin, rago na gaba da raƙumi, sai kuɗin rago na sefa ya gangaro ya zauna daidai kan sunan raƙumi, Buzu kuwa ya ce shi abin da aka rubuta ya sani, ga kuɗinsa a ƙirge.

Sai da dattawan kara suka zauna, suka yanke cewa takardar da dabbarta ke a daddatse ba ta zama hujja a ciniki, aka ba Buzu haƙuri da kuɗin shayi da sukari, aka cire daga ladana. Da la'asar Alhaji ya aiko yaronsa ya ce a bar zancen raƙumi, mako mai zuwa bijimin Bororo yake so, kuma ƙahonin su fito sosai. Na zauna na auna, rabin ƙahonin nan duk layuka ne masu jingina da baya.