Kyaftin a Cikin Hazo

Ban taɓa tuƙa jirgin sama ba. In za a bi gaskiya ban taɓa shiga ba ma, iyakacina da shi na taɓa tsayawa bayan shingen filin jirgin Maraɗi na ga wani ƙarami ya tashi. Duk da haka a fadarmu ta shayi a Urafane Kyaftin ake ce mini, kuma da bakina na sayi sunan. Tun ranar da na tsinci wani tsohon littafin koyon tuƙin jirgi na Faransanci a hannun mai sayar da littattafai a Maraɗi, na haɗa da bidiyon da nake saukewa duk lokacin da intanet ta ga dama, ba a ƙara shan shayi cikin kwanciyar hankali ba.

Darasin da na fi ƙauna shi ne tuƙi da na'ura, wato yadda matuƙi ke tafiya idan gajimare ko hazo ya rufe masa gari. Nakan ce musu jikin ɗan Adam maƙaryaci ne. A cikin kunne akwai wasu ƴan bututu uku masu ruwa, su ke gaya wa mutum ya karkata ko a miƙe yake. In jirgi ya shiga kwana a hankali, ruwan ko motsi ba ya yi. In kuma ya daɗe cikin kwanar, wajen daƙiƙa 20, sai ruwan ya kwanta, mutum ya rantse da Allah a miƙe yake, alhali fiffike ɗaya na kallon ƙasa. Daga nan sai in kai su Jami'ar Illinois ta Amurka, inda a 1954 aka ɗauki matuƙa 20 da ba su koyi tuƙi da na'ura ba, aka toshe musu ganin waje. Dukansu jirgi ya ƙwace musu, kuma in aka raba lokacin daidai, kowa daƙiƙa 178 ya samu. Nakan faɗi lambar nan ina ɗaga yatsa, in jira a ce “ikon Allah”, sannan in miƙa hannu a zuba mini na biyu.

Magani kuwa, in ji ni, agoguna shida ne a gaban matuƙi: mai nuna inda sama ta haɗu da ƙasa, mai tsayi, mai gudu, mai nuna inda aka dosa, mai auna kwana, da mai faɗin ana hawa ko ana gangara. Ido ba ya kwana kan ɗaya. A duba na tsakiya, a leƙa wani, a dawo na tsakiya. In allura ta ce hagu, jiki ya ce dama, a bi allura, jiki ya yi ta ihunsa. Wannan jimlar na maimaita ta har almajiran unguwa sun haddace.

Sai wata safiya cikin Janairu buji ya taso, irin wanda ke kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele na arewacin Chadi ya zo ya juye mana. Rana ta koma fara fat, ana kallonta ido da ido. Surukina ya aiko a kira ni. Na je na durƙusa, ya miƙo mini takardar likita da jika biyar, ya ce maganin ƙafarsa ya ƙare, sai a Tasawa ake samu. Ya ƙara da cewa, “Malam, in ka ga garin bai buɗe ba ka bari sai gobe, ko ka jira motar kasuwa.”

Na ce, “Ba komai, Baba.”

A littafina, matuƙin da zai tafi da ido kawai ana son ya iya hangen kilomita biyar. Ranar ko rumbun maƙwabcina ba na gani. Wannan ya sa na yanke hukunci cewa tafiyar ta na'ura ce, kuma a duk Urafane wa ya fi ni cancanta? Moto ɗina agogon gudu ya mutu tun kafin in saya, na mai ya bi shi, abin da ke aiki hon ne kawai. Dokar ƙananan jirage ta ce a ɗauki man da zai kai ka inda za ka, ya kai ka wani filin in na farko ya ƙi, sannan a bar na minti 45 a ajiye. Ni na girgiza tanki, na kasa kunne, na ji ƙara, na ce ya isa.

Na'ura guda dai muna da ita. Ɗan ƙanwata, yaro ɗan sakandare, yana da manhajar neman alƙibla a salularsa, ita ce kamfas ɗinmu. Na naɗa shi mataimakin matuƙi, na tuna masa cewa ko Jimmy Doolittle, wanda ya fara tashi ya sauka ba tare da ganin waje ba ranar 24 ga Satumba 1929 a kusa da New York, da wani matuƙin a kujerar gaba yana tsaron lafiyarsa. Na zana masa lissafin a ƙasa: Tasawa kudu take, alƙibla gabas ce ta ɗan karkata arewa, saboda haka muddin kibiyar na hagunmu, muna kan hanya. Aikinsa ya riƙa faɗa mini, aikina in bi. Ya ce to, Kawu.

Da mun tsaya kan babbar hanya da ba ku ji wannan labari ba. Amma yashi ya yi yawa, ni kuma na san wata yanke ta cikin gonaki. An riga an kwashe gero, an sare kara, fili ya zama iri ɗaya ko'ina. Sawun amalanke ya rabu biyu, ya sake rabuwa, kowane gawo ka gani sai ka ce shi ne wanda ka sani tun kana yaro. Ni da ke hana ido kwana kan agogo ɗaya, na kafa nawa kan tayar gaba, ina kauce wa kututture da ramin gafiya, kullum ta hagu don can yashi ya fi tauri.

Can yaron ya taɓa ni. “Kawu, alƙibla ta dawo gabanmu.”

Na ce masa ya riƙe wayar da kyau, girgiza ce.

Muka ƙara gaba. “Kawu, wallahi yanzu a dama take.”

A nan ne nake so mai karatu ya yi mini adalci. Ban ji na juya ba, ko kaɗan. Ƙirjina, bayana, har hanjin cikina, duk sun shaida kudu muka nufa, kuma shaidar ba ta zo da shakka ba, ta zo ne da irin tabbacin da mutum ke da shi kan sunan mahaifinsa. Littafin ya ce in ka zargi agogo ɗaya, ka gwada shi da sauran. Ina da shaida ta biyu kuwa: iskar da muka fito tana bugun ƙeyarmu yanzu tana cika mini baki da ƙasa. Sai na bayyana wa yaron cewa iska ce ta juya. Iskar hunturu, wadda tun zamanin kakanni daga arewa maso gabas take zuwa, ita na ɗora wa laifi, na haɗa da mutanen Sin da suka ƙera wayar.

Akwai dabarar da ake koya wa duk matuƙin da ya faɗa gajimare ba shiri: ya yi kwana mai digiri uku a daƙiƙa, cikin minti ɗaya ya juya baya ya koma inda ya fito. Da butar shayi nake nuna wa ƴan fada wannan. To, ni ma na yi ta. Bambancin kawai, tawa ta ci rabin safiya, kuma ba da sanina ba.

Mai ya ƙare a gindin wata aduwa. Muka shiga turi. Ba jimawa na ji jaki na kuka, na ji daka, na ce wa yaron ka gani, ƙauyukan bakin Tasawa ke nan. Matuƙi in ya ɓata yakan kira hasumiya, irin mutanen da makarantar EAMAC ta Yamai ke horarwa su jagoranci jirage. Mu ma Hausawa mun ce matambayi ba ya ɓata. Na hango wani dattijo a ƙofar zaure, ya ƙudundune cikin bargo, rawani har hanci. Yaron ya fara jan rigata, na make hannunsa. Na gyara nawa rawanin, na ɗaga murya yadda baƙo mai ilimi ke yi.

“Salamu alaikum, Baba. Don Allah nan wane gari ne? Tasawa da sauran nisa?”

Dattijon bai dube ni ba, moton ya duba. Ya daɗe yana dubansa. Sannan ya sauke rawani daga baki.

“Tasawa tana nan inda ka san ta, Malam. Nan kuwa gidan da ka ɗauki mata ne.”

Ban san lokacin da na durƙusa ba, moto ya faɗi ta ɗaya gefen. Bai yi dariya ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya sa aka kawo mana ruwa, ya tambaye ni ya hanya, ya mutanen Tasawa. Daga cikin gida kuwa na ji an bar daka.

Kafin azahar mataimakin matuƙi ya kai rahoto fada, da zane a ƙasa. Washegari shi ya bi motar kasuwa ya sayo maganin. Uwargida har yau in zan fita masallaci takan tambaya ko in tafi da yaron.

Da kunya ta ɗan lafa na koma littafin, na tarar da shafin da kullum nake tsallakewa don ba ya daɗin faɗa a fada. Kafin a ba matuƙi izinin tuƙi da na'ura sai ya cika awa 40 yana yi, akasari an kifa masa wani abu a goshi da ke hana shi ganin waje, malami na gefe yana karkata jirgin da gangan yana cewa gyara. Abin da ake yi ke nan a kwalejin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Ana ta maimaitawa har hannu ya saba bin allura tun kafin ciki ya gama gardama. Awannina ni duk a bakin gawayi na yi su. Shafin ya kuma ce ko da na'urar da ke jagorantar sauka, irin ta mataki na farko, in jirgi ya gangaro saura mita 60 matuƙi bai ga titi ba, doka ce ya ƙara wuta ya tashi, ya sake gwadawa ko ya nufi wani gari. Ba a ce ya tsaya ya ji me jikinsa ya ce ba.

Alhazai da ƴan kasuwa masu hawa jirgi lokacin hunturu, in kun zo kan Kano kun ji an yi ta kewaye sannan aka koma da ku Abuja, don Allah ku bar zagin mutumin nan. Ku sauka, ku nemi ruwa, ku jira gari ya buɗe.